Filin Mata: Garin da Aka Auna Hanyarsa da Jaki

 

Yau ba zancen girki za mu yi ba, ba kuwa na renon jariri ba. Labarin wani gari zan ba ku wanda na je na kwana bakwai a cikinsa, sunansa Lamu. Maza in sun komo daga tafiya su kan ba da labarin manyan gine-gine da tsadar masauki. Ni kuwa abin da idona ya fi tsayawa a kai shi ne abin da mace ta ke fama da shi kullum, watau lungu, da kwata, da dakalin ƙofar gida, da inda a ke samun ruwa. Su zan ba ku labari.

'Yan makaranta, ku ɗauko taswirar Afirka. Ku nemi Kenya can gabas, ku sa yatsa a kan Mombasa a bakin teku, sa'an nan ku bi gaɓa ku yi arewa har ku yi kusa da iyakar Somaliya. Nan za ku ga waɗansu 'yan tsibirai manne da gaɓa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Lamu, garin da ke kansa kuma sunansa ke nan. Tsibiri, ga wadda ba ta kai nan a karatu ba, ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Mutanen garin galibinsu Musulmi ne, harshensu Suwahili, sun kuwa fi shekara 700 suna zaune a wurin ba su taɓa tashi ba. A cikin 2001 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin wuraren da ya kamata duniya duka ta kiyaye.

Babu gada. Wanda ya zo a mota, hanya ta kan ƙare masa a wani wuri wai shi Mokowe, ya sauka ya shiga kwale-kwale mai inji. Wanda ya zo a jirgin sama, a tsibirin Manda da ke tsallake za a sauke shi, shi ma ya shiga kwale-kwale, kamar minti goma sai ga shi a gari. Mai kuɗi da talaka duk ta ƙofa ɗaya su ke shiga, kowa yana rungume da kayansa kada su faɗa ruwa.

Da kin hau matakala kin taka tudu, za ki ga hanya mai faɗi ta bi bakin ruwa daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan. Ki dube ta da kyau, gama ita kaɗai ce mai faɗi a garin. Nan a ke sauke kome: siminti, da buhunan shinkafa, da itatuwan rufin ɗaki, da duwatsun gini waɗanda a ke yankowa kamar tubali. Ga waɗansu tsofaffin igwa na ƙarfe a kwance, bakinsu na duban teku, yara sun mai da su wurin zama. Ga kuliyoyi masu dogayen ƙafafu, ba su da iyaka, sun yi layi suna jiran masunta kamar masu jiran albashi. Mota kuwa, in kin ga ɗaya, ta hukuma ce, kamar ta ɗaukar marasa lafiya, ita ma ba ta wuce wannan hanya ta bakin ruwa. Duk kayan nan da aka sauke, jakuna ne za su kwashe su, ko kuwa amalanke ta hannu wadda su ke kira mkokoteni.

Dalili kuwa za ki gan shi da kin kutsa ta tsakanin gidaje. Lungunan Lamu ba su ɗaukar mota, don ba ta shiga. A wani lungun na miƙa hannuwana na taɓa bangon dama da na hagu gaba ɗaya. Jaki guda da mangalarsa shi ne ma'auni: in ya wuce ba tare da kayan sun goge bango ba, hanya ta yi. Gidajen kuwa benaye ne, hawa biyu, hawa uku, an gina su da dutsen da ke tsirowa cikin teku, an shafe da farar ƙasa. Da farko mutum ya kan ce wannan wace irin rowar fili ce. Amma ki dakata har rana ta take. Garin yana da zafi mai gumi irin na Ikko, ga shi kuwa rana ba ta samun shiga lungu sai ɗan lokaci kaɗan da tsaka, sauran yini duka inuwa ce. Iskar teku kuma in ta shigo ta matsattsen wuri sai ta ƙara ƙarfi, kamar yadda ki ke tsuke baki ki hura wuta. Na yi tafiya da azahar daga wannan unguwa zuwa waccan ban nemi laima ba.

Akwai ladabin tafiya a ciki, ba a kuwa daɗewa a ke koyonsa. In kika ji ƙarar kofato a bayanki, da muryar yaro yana kora, sai ki raɓe a ƙofar gidan da ta fi kusa har su wuce. Jakin ba ya gudu, ba ya tsorata kowa, sau da yawa ma shi kaɗai ya ke tafe, ya san gidansu. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yara. Na ga 'yar yarinya wadda ba ta fi shekara huɗu ba, an aike ta sayen burodi, tana tafe tsakiyar lungu tana 'yar waƙarta, ba mai riƙe da hannunta. Uwargida, yaushe rabon da ki aiki ɗan shekara huɗu bakin titi, hankalinki a kwance har ya komo?

Babbar hanyar cikin gari, wadda tsofaffi ke kira Usita wa Mui, yanzu kuma a ke ce da ita Harambee, ita ma a waɗansu wurare jakuna biyu da kaya da ƙyar su ke gilmawa. A da ita ce bakin ruwa, sai a ƙarni na 19 aka cike gabanta aka yi sababbin gidaje. Nan kantuna su ke, da teloli, da maƙeran azurfa, da masu ɗinkin hula. Sauran lungunan ba su damu da allon suna ba. In kin tambayi gidan wani, sunan unguwa za a faɗa miki da masallacin da ke kusa, daidai yadda a ke yi a cikin birnin Kano ko Zariya. Baƙuwa kuwa ba ta ɓata, gama an gina garin a jikin tudu ne, lungunan suna gangarawa teku. In kin rikice, dubi ƙasa ki ga inda ruwan kwata ya nufa, ki bi shi, zai kai ki bakin ruwa.

To, ga mu a kan kwata, a nan kuwa zan ɗan daɗe, ko da ya ke na san ba zance ne mai daɗi ba.

Kowane lungu yana da 'yar kwatarsa a gefe, a buɗe, faɗinta bai fi taƙi guda ba. Ruwan wanka da na wanke-wanke ya kan fito ta rariyar kowane gida ya faɗa cikinta, ya gangara ya wuce ƙofar maƙwabci, da ta maƙwabcin maƙwabci, har teku. Ba-haya ba ta cikin wannan, tana da raminta dabam a cikin gida. In damina ta zo, ruwan indararo ya kan zubo cikin lungu ya wanke garin duka tun daga kan tudu. Dabara ce mai sauƙi, ba inji, ba famfo, ta kuwa yi aiki shekaru ɗaruruwa. Amma tana da sharaɗi guda: kowane gida ya kula da ɗan yankin da ya bi ta ƙofarsa. In mace ɗaya ta zuba ƙaiƙayi ko ɓawon kwakwa ta toshe nata, ba ita za ta sha wari ba, na ƙasa da ita ne za su sha, sa'an nan ruwan ya taru ya komo mata. Saboda haka da sassafe za ki ji ƙarar tsintsiya ko'ina, mata da 'yammata sun fito, wannan ta share ta tura, waccan ta karɓa ta tura gaba. Ga kuma kashin jakuna, wanda ba ya ƙarewa, masu shara na hukuma suna bi da baro suna kwashewa.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai lungunan da na bi ina toshe hanci da gefen mayafi. Masu buga hotunan garin don jawo baƙi ba su kan nuna wannan. Na lura kuwa wuraren da abin ya fi ɓaci su ne inda gidan ya zama kango, ko masu shi sun sayar sun tashi, ba wanda zai fito da tsintsiya. Sa'an nan waɗanda suka tsara kwatar nan sun tsara ta ne don ruwan toka da ɓawon kifi, abubuwan da ke ruɓewa. Ba su san leda ba, ba su san gorar roba ba. Leda guda ta isa ta tsai da ruwan gida goma. A cikin 2017 gwamnatin Kenya ta hana yin jakar leda da sayar da ita da riƙe ta a ƙasar duka, da tara mai tsanani. Don haka za ki ga mata suna zuwa kasuwa da kwandon saƙa ko jakar ƙyalle, kamar yadda kakanninmu su ke yi. Ni dai ban ga wadda hannunta ya karye don ta ɗauki kwando ba. Gorunan ruwa da na lemo kam suna nan, teku kuma ta kan kwaso tarkacen waɗansu ƙasashe ta zube musu a gaɓa. Har waɗansu masassaƙan jirgi na garin suka tattara irin wannan roba wajen tan 10, aka narke ta aka yi allunan jirgin ruwa da ita, aka lulluɓe jikinsa da tsofaffin silifa wajen 30,000. Sunan jirgin Flipflopi. An sa shi a ruwa a cikin 2018, a farkon 2019 kuma ya tafi har Zanzibar da iska kaɗai, don a nuna wa mutane yawan abin da su ke zubarwa. Ku tuna da kwatar unguwarku a watan Agusta, ku ƙiyasta jirgi nawa za ta ba da.

Bari mu tashi daga kwata mu zauna a wuri mai tsabta. Ƙofar tsohon gida a Lamu ba a bakin lungu ta ke ba. A kan ja ta ciki kaɗan, a bar wani ɗan shiga kamar rabin ɗaki, a rufe sama, a buɗe gaba, da dakali na dutse dama da hagu suna duban juna. Wurin su ke kira daka, ko sunan ma ya yi kama da namu, dakalin kansa kuwa baraza. Aikinsa aikin zaure ne: baƙo namiji ya tsaya nan ya ce "Hodi," watau sallamarsu ke nan, a amsa daga ciki a ce "Karibu," mai gida ya fito su gana a kan dakali. Ƙyauren itace ne mai ɓangare biyu, an sassaƙa masa furanni da sarƙa, a sama sau da yawa da aya ko shekarar da aka yi shi. In an buɗe ba ki ganin tsakar gida, gama ƙofa ta biyu ba ta daidai da ta fari. Wannan duk mun san shi a gida.

Inda ya bambanta da zaure shi ne ba a kulle shi. Mai gida ya yanki filinsa, a garin da fili ke da tsada haka, ya gina wurin zama da inuwa, ya bar wa duk mai wucewa. Tsoho ya gaji da hawan tudu ya zauna ya huta. Yara sun taso daga makarantar allo su fake wa ruwa. Ni ma da jakuna shida suka taho da yashi, a dakalin wani bawan Allah na zauna har suka wuce, ba wanda ya tambaye ni ko 'yar wace ce. Da yamma maza su kan cika dakalan babbar hanya da na bakin ruwa, ana shan gahawa mai ɗaci a 'yan ƙananan kofuna da alewa, ana buga wani wasa wai shi bao, na ramuka da 'ya'yan itace, wanda su ke ba muhimmanci kamar yadda namu ke ba dara. Kalmar baraza ma a harshensu ita ce kuma majalisa, kun ga ke nan ba mu kaɗai ke kiran zaman bakin hanya da wannan suna ba. Sababbin gidajen da a ke ginawa a bayan gari da yawansu ba su da daka, bango ne da ƙofar ƙarfe. Na tuna da sababbin unguwanninmu, inda za ki yi tafiyar rabin mil da goyo a bayanki ba ki sami inda za ki ɗora ɗuwawu ba.

Na san wata za ta ce, to, duk wannan na maza ne, matan fa? Gaskiya ne, ban ga mace ta zauna a dakalin babbar hanya ba. Hanyar mata a da a sama ta ke. In kina tafe cikin lungu za ki riƙa shiga ƙarƙashin wani ɗaki da aka gina ya haye daga wannan bene zuwa na tsallake, sunansa wikio. Ta nan matar gida ke ƙetarawa gidan 'yar'uwarta ko na surukarta ba ta taka ƙasa ba, ta kan soraye kuma a ke hira da miƙa cefane. In kuwa fita ta kama dole, matar babban gida a cikin wata 'yar rumfa ta ƙyalle ta ke tafiya, shiraa, kuyangi suna riƙe da sandunanta. Akwai irinta a gidan tarihi na garin. Yau kam mata suna fita da baƙin lulluɓinsu, buibui, suna ciniki a kasuwa, suna koyarwa a makaranta, suna aiki a asibiti. A ƙananan lungu kuma su kan zauna a bakin ƙofa da la'asar, wata tana suyar wani irin fanke mai kwakwa, wata tana zanen lalle, wata tana shirya furen yasmin don ƙamshin dare. Wata dattijuwa ta shigar da ni ɗakinta na can ciki, na ga bango guda cike da alkuki tun daga ƙugu har rufi, layi-layi, an yi musu ado da farar ƙasa. Nan a ke jera tangaran na ƙasar Sin da littattafai, a gabansa kuma a ke zaunar da amarya. Na ce mata mu ma muna da shi, jere mu ke ce masa, sai dai namu na kwano ne.

Ruwan sha fa, a garin da gishiri ya kewaye? Akwai tsofaffin rijiyoyi a kusurwar lungu da jikin masallatai, bakinsu ya sha igiya har ya yi tsagi. A tsofaffin gidaje kuma akwai kwatarniya ta gini a makewayi, birika, wadda a ke cikawa daga waje: an yi 'yar kafa a jikin bango ta wajen lungu, mai ɗebo ruwa ya zuba daga nan ya gangara ciki, bai shiga gida ba. A cikin birikar a kan saki 'yan ƙananan kifaye su cinye 'ya'yan sauro. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, ko duba-gari ba zai sami abin cewa ba. Amma da na tambayi su wa ke ɗebo ruwan a wancan zamani, amsa ita ce bayi. Su ke ɗebo ruwa, su ke noma gonakin tsallake, su ke riƙe sandunan shiraa. Da aka hana bauta a wannan gaɓa a cikin 1907, arzikin manyan gidajen ya karye, garin ya talauce. Talaucin nan ma yana cikin abin da ya sa ba a rushe tsofaffin gidaje an yi na zamani ba, har suka kawo yau.

Yanzu ruwan famfo daga Shela ya ke zuwa, wani ƙauye kamar mil biyu kudu da gari. Can akwai manyan tuddan rairayi a bakin teku, su ke shanye ruwan sama su ajiye shi a ƙarƙashinsu, ruwan daɗi yana kwance bisa na gishiri. An haƙa rijiyoyi a nan ana turawa gari. In aka ja fiye da abin da damina ta zuba, ko aka yi gine-gine a kan rairayin, gishiri zai hau, rijiya kuwa in ta yi gishiri ba ta komowa da wuri. Famfon ba kullum ya ke kawowa ba, don haka jaki da jarkoki masu ruwan ɗorawa a bayansa yana cikin abin da za ki fi gani da safe.

A tsakiyar gari akwai fili guda, Mkunguni, da manyan itatuwa da dakali kewaye da gindinsu. A bayansa ga wata ƙatuwar ganuwa mai hasumiya, wadda aka soma ginawa wajen 1813 aka gama wajen 1821 da taimakon Sarkin Oman. Daga 1910 har 1984 gidan yari ce. Yanzu akwai ɗakin karatu a ciki, na ga 'yammata da kayan makaranta suna shiga da littattafansu ta ƙofar da a da a ke shigar da fursuna. Kasuwar kayan miya tana gefenta. A kan babbar hanya kuma akwai wani ɗan gida inda Jamusawa suka buɗe gidan waya a cikin 1888, bai kai shekara uku ba suka rufe, yanzu wurin kallo ne.

Abu biyu za su rikita Bahaushiya. Na ɗaya lokaci. Su daga fitowar rana su ke soma ƙirga sa'o'i, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, tsakar rana kuwa ƙarfe shida. In mai kwale-kwale ya ce miki ƙarfe biyu, ki tambaye shi na wane lissafi. Na biyu alƙibla. Mu mun saba gabas da alƙibla abu ɗaya ne, har mu kan ce mutum ya dubi gabas. Su kuwa Makka tana arewa da su sak, masallatansu duka arewa su ke duba. Tsofaffin masallatan ma ba su da hasumiya galibi, sai ki wuce ɗaya ba ki sani ba in ba don takalma a bakin ƙofa ba. Wanda ya fi suna shi ne Riyadha, na wani malami sharifi Habib Saleh, wanda ya zo daga tsibiran Komoro ya rasu a cikin 1935. Shi ya kafa Maulidin da a ke yi a ƙarshen watan Rabi'ul Awwal, wanda mutane ke zuwa daga ƙasashen gabashin Afirka, har da sukuwar jakuna a bakin ruwa. 'Yan makaranta kuma ku riƙe wannan suna, Mwana Kupona. Mace ce da ta zauna a garin nan, ta tsara waƙar nasiha ga 'yarta wajen 1858, har yanzu ana karanta ta a makarantu. Zamaninsu ɗaya da Nana Asma'u 'yar Shehu, wannan a bakin teku, waccan a Sakkwato.

Na bar maganar da ta fi nauyi a ƙarshe. Jakunan Lamu dubbai ne, har asibiti gare su a bakin ruwa, wanda wata Baturiyar Ingila, Elisabeth Svendsen, ta buɗe a cikin 1987, ana yi musu magani kyauta. Na leƙa na ga ana wanke wa wani gyambon da akumari ya yi masa. Amma a 'yan shekarun nan wani abu ya shigo wanda jaki ba ya iya tsere da shi, watau babur na haya, irin acaɓarmu, su suna ce masa bodaboda. A kwale-kwale a ke ƙetaro da su. Sun cika hanyar bakin ruwa, waɗansu kuma suna kutsawa cikin lungu. Dattawa da masu kula da kayan tarihi suna kuka, hukuma ta sha yin doka a kan inda za su tsaya, samari kuwa suna cewa aikin ke nan da su ke ci da shi, tun da kamun kifi da baƙi ba su isa kowa. A cikin 2021 kuma an buɗe sabuwar tashar manyan jiragen ruwa a tsallake, mutane suna ƙaruwa, kowa yana sauri.

Na so in goyi bayan dattawan ɗungum, sai wata mata da mu ke sayen kifi tare ta ce mini in tuna da mai naƙuda. Babban asibitinsu, wanda a ke kira da sunan Sarki Fahad, yana can kudancin gari. Mace in abu ya taso mata da tsakar dare a kan tudu, a da sai dai a ɗauko ta a kan gado ko a amalanke a gangaro da ita. Wadda aka taɓa turawa a amalanke tana naƙuda, in ji ta, ba ta zagin babur. Ban sami abin da zan ce mata ba, don gaskiya ta faɗa. Ra'ayina dai shi ne a bar musu hanyar bakin ruwa, mai faɗi, su yi ta kai da kawowa har asibiti, a ajiye kuma waɗansu don larura irin wannan. Amma lungun da faɗinsa bai wuce hannu biyu ba, in babur ya saba shiga, 'yar shekara huɗun nan ba za a ƙara aikenta sayen burodi ba, tsohon nan kuma ba zai miƙe ƙafa daga kan dakali ba. Mu mun ga yadda abin ya ke a lungunan Kano da Katsina da Damagaram, inda yanzu uwa ke tsawata wa yaro kada ya leƙa ƙofar gidan ubansa. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a ba babur lungu, shiga ya yi kawai, mu kuma muka matsa.

'Yan makaranta, ga aiki. Kowace ta auna faɗin lungun gidansu da tafin ƙafarta, ta ƙirga dakali nawa ne tsakanin gidansu da makaranta wanda baƙo zai iya zama a kai, ta kuma bi kwatar gidansu ta ga inda ta ƙare. Ku rubuto mini abin da kuka samu, da sunan garinku, zan buga waɗanda suka fi kyau a wannan fili. Matan aure kuwa, mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koya muku yadda matan Lamu ke dafa shinkafa da madarar kwakwa. Ku tanadi kwakwa biyu busassu, da magogi, da ƙyalle mai tsabta na tacewa.